Ƙurjin Dubura, Yoyon da Ke Biyo Bayansa, da Iyakar Ƙarfin Kafso

Jama'a masu sauraro na Kusugu da sauran unguwannin birnin Daura, da na Mai'aduwa da Zango da Baure da Sandamu, da 'yan'uwa na ƙetaren iyaka waɗanda muryar wannan shiri ke kai wa gare su.  Sharhin yau ya shafi wata lalura da kunya ke hana yawancin masu fama da ita ambatonta, wato ƙurjin da ke fitowa a gefen dubura, da kuma yoyon da yakan biyo bayansa ko da an fasa shi. Tambayar da za a bi diddiginta guda ɗaya ce: idan likita ya fasa ƙurjin ya fitar da mugunya, shin shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda ake kira antibayotik, yana hana yoyon aukuwa? Za a ambaci sassan jiki da sunayensu, sai masu sauraro su yi haƙuri, domin ba a gane ciwon da ba a faɗi sunansa ba.

Za a fara da suna, domin tun daga nan ake samun ruɗani. A bakin jama'a kusan duk abin da ya taɓa dubura basir ne, ko jini ne, ko tsiro, ko ƙaiƙayi, ko kumburi, kuma masu tallar magani da lasifika a ranakun kasuwa sun ƙara wa wannan fahimta gindin zama, tunda kwalba ɗaya suke ɗagawa su ce ta isa ga dukkansu. Kalmar basir ta samo asali ne daga Larabci, kuma likitocin Larabawa na da can sun bambance ta da wata kalma mai kama da ita, wato nasur. Abul Ƙasim al-Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu wajen shekarar 1013, ya yi bayanin nasur da hanyoyin aikinsa a babin tiyata na littafinsa al-Tasrif. Hausa ta ari kalma ta farko ta yaɗa ta ko'ina, ta biyun kuwa ba ta zauna a bakin mutane ba, sai cututtuka mabambanta suka taru a ƙarƙashin suna ɗaya. Basir kumburin jijiyoyin jini ne. Ƙurji taruwar mugunya ce a cikin nama. Nasur kuwa, wanda likitocin zamani ke kira fistula, kuma wannan sharhi zai kira shi yoyon dubura, wata 'yar siririyar hanya ce da ta huda daga cikin dubura ta ɓullo a fatar da ke gefenta, tana tsattsafo da mugunya ko ruwa mai wari. Mutanen Jihar Katsina sun san kalmar fistula ta dalilin asibitin Babbar Ruga, inda aka shafe shekaru ana yi wa mata aikin yoyon fitsari, sai dai wancan yoyo na doguwar naƙuda ne, wannan kuwa asalinsa daban, kuma ya fi kama maza masu jini a jika, daga samartaka zuwa tsakiyar shekaru.

Daga suna sai asali. A cikin dubura, kimanin gaɓar yatsa ɗaya daga baki, akwai wasu 'yan ƙananan maɓuɓɓuga masu fitar da ruwa mai yauƙi, waɗanda bakinsu ke buɗewa a cikin hanyar bayan gida, gindinsu kuma yake nutse a tsakanin zobban tsoka guda biyu da ke riƙe bayan gida da iska. Idan bakin ɗaya daga cikinsu ya toshe, ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a hanji sukan hayayyafa a ciki, mugunya ta taru, ta nemi mafita ta inda nama ya fi laushi, har ta kai ƙarƙashin fata. Wani likitan Ingila mai suna Alan Parks ne ya ƙarfafa wannan bayani a shekarar 1961, kuma har yau a kansa akasarin likitocin tiyata suke. Mutumin Daura ba ya bukatar dogon sharhi kafin ya fahimci wannan, domin ya girma a garin da tarihinsa ya ratayu a bakin rijiya. Wanda ya san rijiyar Kusugu ya san cewa kwarfe ruwa daban ne da toshe ido, kuma rijiyar da aka kwarfe ta tas da safe tana iya tara ruwa kafin la'asar muddin idonta na raye. Ƙurjin da ake gani a waje shi ne ruwan da ya taru. Maɓuɓɓugar da ta kamu a ciki ita ce idon. Idan an fasa ƙurjin kuma idon ya mutu, mutum ya warke ke nan, idan kuwa idon ya ci gaba da aiki, hanyar da mugunya ta bi takan ƙi rufewa, ta yi bango, ta zama yoyo. Kimanin mutum ɗaya cikin uku na waɗanda aka fasa musu irin wannan ƙurji ne ke samun kansu a wannan hali, kuma wannan ba alama ba ce ta cewa likita ya yi kuskure.

A nan akwai wata magana da za a sake maimaita ta kafin a rufe shirin: kafso ba ya fasa ƙurji. Dalili shi ne magani yana isa wurin ciwo ne ta hanyar jini, ita kuwa jakar mugunya ba jijiyar jini a tsakiyarta, an kewaye ta da bango, ga shi kuma yanayin cikinta yana raunana aikin wasu magunguna. Saboda haka maganin yakan yi ta kewaye a gefe, ya rage jan fata da zazzaɓi na ɗan lokaci, mugunyar kuwa tana nan tana cin nama ta ƙarƙashi. Kakanni sun gane wannan tun da daɗewa, shi ya sa Hausa take da kalmar sakiya, wato huda kumburi don a fitar da abin da ya taru. Hikimar sakiya daidai take, matsalar tana wajen wurin da za a huda da kuma hannun da zai yi hudar. Maruru a cinya ko a damtse daban yake da ƙurjin da ke kwance a jikin tsokar da ke riƙe bayan gida, inda kaucewar aska kaɗan kan iya barin mutum da lalurar da ta fi ta farko muni. Wanzami yana da matsayinsa a al'ada, amma wannan wuri na likitan tiyata ne, wanda zai kashe zafin wurin ko ya sa barci, ya tsaga kusa da bakin dubura gwargwadon yadda zai yiwu, ya tabbatar babu wani lungu da mugunya ta maƙale.

Abin da ke faruwa a garuruwa da ƙauyuka kuwa sau da yawa akasin wannan tsari ne. Magidanci zai ji zugi a gefen dubura, zugin da ke bugawa kamar bugun zuciya, ya fara zama a ɓari ɗaya a kan babur, zaman tahiya ya gagare shi sai ya karkace, tari ko atishawa ta zama abin fargaba. Ba zai faɗa wa kowa ba. Da almuru zai tsaya a kemis ya ce basir ne ya taso masa, a ƙirga masa kafso gwargwadon kuɗin da ke aljihunsa, ja da rawaya guda huɗu, Flagyl guda shida, da ƙwayar rage zafi. Kwana biyu zai ji sauƙi ya ce magani ya karɓe shi, kwana na biyar zafin ya dawo da ƙarfinsa, sai a koma jiƙe-jiƙe da turare da shafe-shafe. Wani ƙurjin yakan fashe da kansa cikin dare, a wayi gari da hamdala, alhali ƙofar da ya yi wa kansa ƙarama ce, ba ta isa ta zubar da komai ba. Bayan wata ɗaya ko biyu sai ga ɗigo a wando, ga ƙaiƙayi, ga shakku a kan tsarki duk lokacin salla, ramin ya rufe ya kumbura ya sake fashewa. Wannan jinkiri ya fi kowace muhawara ta masana tasiri a rayuwar majiyyaci, kuma ya kamata masu sauraro su riƙe shi a zuciya yayin da za a shiga muhawarar.

Yanzu sai a dawo kan tambayar da aka buɗe da ita. An je asibiti, an fasa, mugunya ta fita. Shin a bi da antibayotik don kashe idon rijiyar? A hankalce abin yana da ma'ana, tunda bango ya rushe, jini na iya kai magani wurin, kuma asalin ciwon bakteriya ce. Amma ilimin likitanci ba ya wadatuwa da abin da ya yi kama da gaskiya, sai an gwada. Hanyar gwajin da aka fi yarda da ita ita ce a raba majiyyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wa gida ɗaya maganin, a hana ɗayan ko a ba shi ƙwaya mai kama da shi wadda ba komai a cikinta, sannan a jira a ga bambanci.

Likitoci a ƙasar Turkiyya sun yi irin wannan gwaji, suka wallafa sakamakonsa a 2011. Sun ba wa rabin majiyyata haɗin maganin da aka fi sani da Augmentin na kwana goma, sauran kuma ƙwayar da ba magani a ciki, ba tare da likita ko majiyyaci ya san wanda ya sami wanne ba, suka bibiye su har shekara guda. Maganin bai kare kowa ba, hasali ma yoyon ya fi yawa a cikin waɗanda suka sha shi. Shekara shida bayan haka, a 2017, likitocin birnin Shiraz na ƙasar Iran suka fito da nasu gwajin a kan mutum kimanin 300, inda suka haɗa magunguna biyu, Cipro da Flagyl, na kwana bakwai. A wannan karon waɗanda suka sha maganin sun fi tsira daga yoyo ƙwarai. Sai dai wata uku kacal aka bibiye su, alhali yoyo yakan iya ɓoyewa ya bayyana bayan haka, kuma ba a ba wa ɗaya gidan ƙwayar kwaikwayo ba. A 2019 wasu masana a Kanada suka tattara binciken da ake da shi suka auna shi a sikeli ɗaya, suka sami yoyo a wajen mutum 16 cikin 100 na masu shan magani, da 24 cikin 100 na waɗanda ba su sha ba, amma su da kansu sun yi gargaɗin cewa hujjar ba ta yi ƙwari ba, saboda binciken kaɗan ne kuma ba irinsu ɗaya ba.

Me mai sauraro zai ɗauka daga wannan saɓani? Ko da an karɓi lissafin da ya fi goyon bayan magani, ma'anarsa ita ce sai an shayar da mutum goma sha biyu ko fiye kafin a kuɓutar da guda ɗaya, sauran ko dai da ma za su warke ba tare da shi ba, ko kuma za su sami yoyon duk da sun sha. Wannan riba ce, ba a raina ta, musamman ga wanda ya zama shi ne guda ɗayan, amma ba ta kai matsayin garanti ba. Akwai kuma yiwuwar cewa bambancin sakamakon ya samo asali ne daga bambancin magungunan da tsawon bibiyar, abin da ya sa likitocin ƙasar Holan suka tsara wani gwaji na Cipro da Flagyl mai ƙwayar kwaikwayo da bibiya ta shekara guda. Abin lura, dukkan gwaje-gwajen da aka ambata a wasu ƙasashe aka yi su, a kan mutanen da aka fara fasa musu ƙurji a asibiti, kuma akasari an cire masu wasu manyan cututtuka daga ciki. Ba su yi magana a kan mutumin da ya kwashe mako biyu yana haɗiyar kafso kafin ya isa gaban likita ba.

Duk da wannan saɓani, akwai wurin da likitoci suka haɗu. Ƙungiyar likitocin tiyatar hanji da dubura ta Amurka, a ƙa'idojin da ta sabunta a 2022, ta ce fasawa ita ce magani, antibayotik kuwa a tanade shi ga waɗanda ke da dalili na musamman. Su ne wanda kumburi da ja suka bazu a fatar da ke kewaye da ƙurjin, da wanda cutar ta fara shiga jini har yana zazzaɓi da rawar sanyi, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni. A wannan rukuni na ƙarshe likita yakan sa ido sosai a kan mai ciwon suga, da mai ɗauke da cutar da ke karya garkuwar jiki, da mai shan maganin daji. Ga irin waɗannan, ba don hana yoyo kaɗai ake ba da maganin ba, ana ba da shi ne don ceton rai, domin ƙurjin wannan wuri yana iya rikiɗa ya zama ruɓewar nama mai gudu, wadda ke cin fatar gaba da maraina cikin 'yan kwanaki. Mai ciwon suga da ya ji zugi a wannan wuri ba shi da daren da zai jira.

Juyi na gaba shi ne farashin maganin, kuma ba kuɗi kaɗai ake nufi ba. Flagyl yana sa tashin zuciya da ɗanɗanon ƙarfe a baki, har wasu su yar da shi a rana ta uku. Cipro yana iya taɓa jijiyoyi, musamman agara, ya sa ta kumbura ko ma ta tsinke, kuma haɗarin ya fi yawa ga dattawa, sannan yana iya rikita suga a jikin mai shan maganin suga. Akwai kuma wani abu da ya shafi cimar wannan yanki kai tsaye. Cipro ba ya jituwa da nono da kindirmo da madara, haka ma maganin ƙarin jini da wasu magungunan gyambon ciki, domin sinadaran da ke cikinsu suna ɗaure shi a hanji su hana shi shiga jini yadda ya kamata. Majiyyacin da ya kora ƙwayarsa da fura da nono, yana ganin ya yi wa cikinsa gata, ya zubar da wani kaso na maganin bai sani ba. Dole ne a bar tazara ta sa'o'i tsakaninsu, kuma mai harhaɗa magunguna shi ne zai faɗi adadinta.

Farashi mafi girma kuwa al'umma ce ke biyansa gaba ɗaya. Duk lokacin da aka sha antibayotik, ƙwayoyin cuta masu rauni sukan mutu, masu taurin kai su saura su hayayyafa, har a wayi gari maganin ya daina aiki. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa wannan bijirewa ta kashe mutum sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu a duniya a 2019, kuma yammacin Afirka ne ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Cipro a rukunin magungunan da ake taka-tsantsan da su, domin shi ne ake dogaro da shi a cututtuka irin su taifot da ciwon mafitsara da wasu nau'o'in atuni. Nijeriya ta fitar da tsarinta na ƙasa na yaƙi da wannan matsala tun 2017. Idan aka mayar da Cipro da Flagyl abin da ake miƙa wa duk wanda ya ce yana da basir, ribar da ake hasashe kaɗan ce kuma ba tabbas, asarar kuwa za ta bayyana a jikin yaron da taifot ya kwantar, aka ba shi maganin bai ji ba. Wannan ne ya sa hukuncin ya kamata ya zauna a hannun likitan da ya ga raunin da idonsa. Idan ya rubuta, a sha yadda ya ce har kwanakin su cika. Idan bai rubuta ba, ba rowa ya yi ba, kuma bai kamata a bi ta kemis a cike gurbin ba.

Akwai wani ɓangare da littattafan Turai ba su cika tsayawa a kansa ba, alhali a nan yana da nauyi. Ba kowane yoyo ne ke fitowa daga toshewar maɓuɓɓuga ba. Tarin fuka yana iya kama wannan wuri, ya haifar da yoyo mai ƙofofi da yawa wanda ke dawowa bayan kowane aiki, kuma babu adadin Cipro da Flagyl da zai warkar da shi, sai cikakken maganin tarin fuka na watanni, wanda ake bayarwa kyauta a asibitocin gwamnati. Cipro ma yana iya lafar da tarin fuka na ɗan lokaci ya jinkirta gano shi. Haka nan akwai wata cutar kumburin hanji mai suna Kuron, akwai kuma daji, ko da yake shi ba kasafai ba. Yoyon da ya zo tare da rama, ko tari mai tsawo, ko gumin dare, ko gudawa mai jini, yana bukatar a ɗebi ɗan nama a kai ɗakin gwaji.

To, idan yoyon ya riga ya zauna fa? Amsar ba ta da daɗin ji, amma ba ta da ruɗani: aiki ne maganinsa. Sarkin Faransa Luwi na 14, da duk likitocin fadarsa da magungunan da aka gwada, sai da ya kwanta aka yi masa aikin yoyo a 1686, kuma a birnin Landan an kafa asibiti sukutum a 1835, wanda daga baya aka sani da Sen Mak, don talakawa masu fama da wannan lalura. Idan hanyar ba ta ratsa tsoka mai yawa ba, likita yakan buɗe ta gaba ɗaya ta warke daga ƙasa zuwa sama. Idan ta ratsa tsoka sosai, sai ya zura wani zare na musamman ta cikinta ya ɗaure, domin mugunya ta riƙa fita kumburi ya sauka kafin mataki na gaba, dabarar da ta girmi likitancin zamani da ƙarnuka masu yawa. Abin da likita ke kiyayewa a kowane hali shi ne tsokar riƙe bayan gida, shi ya sa wani aikin ake yinsa hawa-hawa, kuma majiyyacin da ya ga an bar masa zare na makonni kada ya ɗauka an manta da shi ne.

Kalma ta ƙarshe ga masu sauraro, maza da mata, da iyayen gida masu lura da yadda maigida ko ɗa ya sauya zama. Wanda ya ji zugi da kumburi a gefen dubura, ya nufi asibiti a ranar, ko cibiyar lafiya ta tarayya da ke Daura, ko babban asibitin da ya fi kusa da shi, ya faɗa wa likita duk abin da ya sha ko ya shafa, da kuma ko yana da suga. Kafso ba ya fasa ƙurji. Bayan an fasa, ya riƙa zama cikin ruwan ɗumi mai tsabta, ya wanke wurin bayan kowane bayan gida, ya yawaita ruwa da ganye irin su zogale da rama da alayyahu don cikinsa ya yi laushi. Ya koma ranar da aka ba shi ko da yana jin ya warke, kuma idan wata biyu ko uku suka wuce yana ganin ɗigo a tufafinsa, ya koma wurin likitan da takardarsa a hannu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.